Cinikin Madobiya Tsakanin Najeriya da Sin: Yadda Gungume Ya Riƙa Fita da Sunan Katako

A tsakanin shekarar 2013 da 2018, Najeriya ta tashi daga ƙasar da ba a cika jin sunanta a kasuwar katako ta duniya ba, ta shige gaban ƙasashen da ke sayar wa ƙasar Sin jan katako mai tsada, alhali kuwa jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta fitarwa ya ƙunshi katako, ɗanye ne ko yankakke. Itacen da aka yi wa wannan rububi shi ne madobiya, wadda 'yan kasuwar ƙetare ke kira koso, masu sara a dazukan Taraba kuma suke ce mata madrid. Lamarin ya cancanci nazari domin ya nuna cewa a cinikin katako tsakanin ƙasashe, ɗan bambancin da ke tsakanin gungume da yankakken katako shi ne ke raba ƙasar da ta ci moriyar dajinta da wadda ta yi asarar daji da kuɗi gaba ɗaya, kuma sau da yawa takarda ce ke yanke wannan hukunci, ba zarto ba.

Madobiya ba itacen kurmi ba ce. Tana tsirowa ne a dajin da ke tsakanin kurmi da sahel, daga Senegal har zuwa Chadi da Afirka ta Tsakiya, tsayinta kan kai mita 12 zuwa 15, kuma tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta yi kaurin da za a iya fitar da katako a jikinta. Duk wanda ya san dajin Taraba ko Adamawa ya san ta da furenta ruwan ɗorawa da ke fitowa da rani bayan ta zubar da ganye, ya kuma san ta da jan ƙaron da ke tsattsafowa idan an sare ta. Makiyaya sun daɗe suna sassabe rassanta domin ciyar da shanu a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare kuma ita ta riga sauran itatuwa yin toho. Tana jure gobarar daji, tana ƙara wa ƙasa taki, masu maganin gargajiya suna amfani da ɓawonta, masassaƙa kuma suna son ta saboda taurinta. Kafin zuwan masu saye daga ƙetare, ba wanda yake kallonta a matsayin dukiyar da za a auna da dala.

Abin da ya canza darajarta ya faru ne a wata nahiya. A ƙasar Sin akwai tsohuwar al'adar ƙera kujeru da gadaje da tebura da jan katako mai nauyi, bisa salon zamanin daulolin Ming da Qing, ana kiran irin wannan katako hongmu. A shekarar 2000 hukumomin ƙasar suka fitar da ƙa'idar da ta lissafa itatuwa 33 waɗanda su kaɗai ne za a iya sayar da kayansu da wannan suna, madobiya kuma tana cikinsu. Da aka sake duba jerin a 2017 aka mayar da su 29, ba a cire ta ba. Yayin da masu hannu da shuni suka ƙaru a ƙasar, buƙatar irin waɗannan kaya ta haura har ta kai ƙololuwa a 2014, a daidai lokacin da itatuwan kudu maso gabashin Asiya, waɗanda su ne na asali, suka fara ƙarewa ko kuma aka toshe hanyarsu. An sanya jan katakon Thailand da maƙwabtanta da na Madagaska ƙarƙashin kariyar CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, a 2013, Myanmar kuma ta hana fitar da gumagumai a watan Afrilun 2014. Masana'antun garuruwa irin su Dongyang da Xianyou da Zhongshan suna buƙatar abin da za su ci gaba da aiki da shi, madobiya kuwa tana cikin mafi araha a jerin, kuma ita ce mafi yawa.

Saran bai fara daga Najeriya ba. Ya bi ta Gambiya, inda mafi yawan itacen da ake lodawa a tashar Banjul daga yankin Kasamans na Senegal ake satowa, ya ratsa Benin da Kwaddibuwa da Togo da arewacin Gana. A kowace ƙasa salon ɗaya ne: masu saye su sauka, a yi shekara biyu ko uku ana sara ba ji ba gani, manyan itatuwa su ƙare ko gwamnati ta sa takunkumi, sai a nannaɗe tabarma a tsallaka iyaka. A cikin Najeriya ma haka aka yi, domin daga Kogi da jihohin da ke kewaye da ita aka gangara gabas zuwa Taraba da Adamawa, inda garuruwa irin su Garba Chede da Bali suka zama matattarar gumagumai, har saran ya kai bakin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda shi ne mafi girma a ƙasar, ya kuma tsallaka zuwa cikin Kamaru.

Yadda ake aikin a daji shi ne ya fi komai bayyana inda asarar take. Mai inji yana shiga da injin zarto na hannu tare da yaransa, bayan an sallami mai gona ko mai unguwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan an kayar da itaciya, sai a datse gindinta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tsayinta kimanin mita biyu, daidai yadda za ta kwanta a faɗin kwantena. Daga nan sai a feƙe gefe huɗu, a zubar da ɓawo da farin naman da ke bayansa, a bar jan cikin kawai, domin shi kaɗai mai saye yake biya. Rassa da saman itaciyar da duk gunduwar da aka samu da rami ko tsagewa, nan ake barin su a ƙasa, su bushe, su zama abincin gobarar rani. Matasa shida ko takwas ne ke cicciɓar gungume ɗaya su ɗora a tsohuwar mota mai shiga daji, a kai bakin titi, inda dillali zai zo da tef ya auna faɗin jan cikin, ya rubuta lamba da alli ko fenti a goshin gungumen, ya yanke farashi. Daga can tirela ce za ta ɗauka, ta yi tafiyar da ta wuce kilomita 1,000, tana tsayawa a shinge bayan shinge ana miƙa na goro, har ta isa wuraren tara kaya a Shagamu da kewayen Legas, inda ake cusa gumaguman cikin kwantena a tura tashar Apapa ko Tin Can.

Wannan feƙe gefe huɗu da ake yi a daji shi ne ginshiƙin dukan cinikin. A tsarin lambobin kwastam da ƙasashen duniya suka amince da shi, itacen da ba a sarrafa ba yana ƙarƙashin lamba 4403, kuma bayanin lambar ya faɗa ƙarara cewa ko an cire ɓawo, ko an ɗan daidaita gefensa sama-sama, gungume ne. Yankakken katako kuwa, wato wanda aka tsaga a tsaye kuma kaurinsa ya wuce milimita 6, yana ƙarƙashin lamba 4407. Tun da Najeriya ba ta yarda a fitar da ɗanyen itace ba, amma duk da jerin haramcin kwastam, a lokacin ma'aikatar muhalli tana ba da izinin fitar da wanda aka sarrafa ko aka sarrafa rabi, sai masu fitarwa suka riƙa gabatar da gungumen da aka feƙe a matsayin kayan da ya riga ya bi ta masana'anta. Kwantenar da ta bar Legas da sunan sarrafaffen katako, idan ta isa tashoshin Sin, a matsayin gumagumai ake rubuta ta, wannan ne ma ya sa masu bincike suka fi dogara da alƙaluman kwastam na Sin wajen gane yawan abin da ya fita. Ba a ɓoye kayan ba, ba a bi da su ta bayan gari ba. Suna kawai aka sauya musu, kuma jami'an da ke da alhakin buɗe kwantena su duba sun san abin da ke ciki.

Domin a gane girman abin da aka rasa, sai a dubi yadda cinikin yankakken katako na gaskiya yake. Masana'antar da ke sayar wa Turai katakon safeli ko iroko daga Kamaru, alal misali, tana tsaga gungume zuwa kauri da faɗin da mai saye ya rubuta a kwangila, ta busar da shi a ɗakin busarwa har damshinsa ya sauka zuwa abin da kafintan ƙasar sanyi zai iya aiki da shi ba tare da ya lanƙwashe ba, sannan ƙwararre ya tantance shi fale-fale, ya ware mai daraja ta ɗaya daga mai kulli ko tsagewa, a ɗaure shi dami-dami da lambar da za a iya bi har zuwa dajin da aka saro shi. Kowane mataki a nan aikin yi ne ga wani, kuma ƙarin kuɗi ne a kan kowace kubik mita. Ragowar da ba ta kai a fitar ba tana shiga kasuwar gida. A cinikin madobiya babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tsagawa da busarwa da sassaƙa da gogewa duk a Sin aka yi su, albashinsu ma can aka biya, abin da ya rage wa Taraba shi ne ladan sara da ladan dako.

Tsarin mulkin daji a Najeriya ya taimaka wa wannan ɓarna. Dazuka, in ban da gandun daji na tarayya, suna hannun gwamnatocin jihohi, su ke ba da izinin sara, su ke karɓar kuɗinsa, yayin da fitar da kaya waje da sanya hannu kan takardun ƙasa da ƙasa suke hannun gwamnatin tarayya. Jihar da ke neman kuɗin shiga, musamman bayan faɗuwar farashin man fetur a 2014 da matsin tattalin arzikin 2016, ba ta da dalilin korar tirelar da ke biyan haraji a bakin shinge, ko da kuwa dokar dajinta ta hana saran. Ita kuma Abuja tana ba da takardar fitarwa ba tare da tana da hanyar sanin daga wane daji gungumen ya fito ba. Rasit ɗin harajin jiha sai ya zama tamkar shaidar halasci, duk da cewa abin da yake tabbatarwa kawai shi ne an biya kuɗi a hanya.

Ƙasar Senegal ce ta fara kai kuka gaban duniya, domin dajinta ne ake kwashewa ta Gambiya. Ta sa madobiya a jadawali na uku na yarjejeniyar CITES, inda ƙasa ke neman taimakon sauran ƙasashe wajen sa ido kan cinikin, matakin da ya fara aiki a watan Mayun 2016, sannan a babban taron ƙasashen yarjejeniyar da aka yi a Johannesburg a ƙarshen wannan shekara aka ɗaga ta zuwa jadawali na biyu, daga ranar 2 ga Janairun 2017. Shiga jadawali na biyu ba haramci ba ne. Sharuɗɗa biyu yake ɗorawa kafin a ba da takardar fitarwa: hukumar kimiyya ta ƙasar ta tabbatar cewa fitar da wannan adadi ba zai cutar da wanzuwar itacen ba, hukumar gudanarwa kuma ta tabbatar cewa an samo shi bisa doka. Da jami'an kwastam na Sin suka fara neman takardar, sai dubban kwantenonin da suka taso daga Najeriya ba tare da ita ba suka maƙale a tashoshinsu.

A watan Nuwamban 2017, ƙungiyar bincike kan laifuffukan muhalli ta EIA ta fitar da rahoton da ya ce kwantena kusan 10,000, ɗauke da gumagumai fiye da miliyan 1.4 waɗanda darajarsu ta kai dala miliyan 300, sun samu shiga kasuwar Sin bayan da ma'aikatar muhalli ta Najeriya ta ba da takardun CITES kusan 4,000 a kan kayan da tuni suka bar ƙasar. Rahoton ya yi zargin cewa an kashe fiye da dala miliyan ɗaya wajen toshiyar baki, ya kuma ce takardun suna ɗauke da sa hannun ministar muhalli ta lokacin, Amina Mohammed, a makwanninta na ƙarshe kafin ta koma Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin mataimakiyar babban sakatare. Ta musanta aikata ba daidai ba, ta ce an bi ƙa'ida wajen ba da takardun, kuma ƙoƙarinta shi ne tsabtace harkar. Idan aka raba alƙaluman ƙungiyar, kowane gungume ya tashi a kan dala 200 da 'yan kai a bakin tashar Sin, kuɗin da mai injin da ya kayar da itaciyar bai taɓa ganin ko kusa da shi ba.

Muhawarar da ta biyo baya a jaridun Najeriya ta karkata ga mutum ɗaya, masu kare ta da masu sukarta, kuma a ganina wannan ya rufe tambayar da ta fi muhimmanci. Ko da a ce kowace takarda an ba da ita a kan lokaci, kuma ba a karɓi ko sisin kwabo ba, da me aka dogara aka ce fitar da wannan adadi ba zai cutar da itacen ba? Ba a ƙidaya madobiyar da ke tsaye a dazukan ƙasar ba, ba a san yawan da ke tsirowa a shekara ba, ba a ƙayyade adadin da za a sara ba. Takardar da aka rubuta a kan rashin sani, ko wa ya sa mata hannu, izini ne kawai na ci gaba da abin da ake yi.

A kan wannan gaɓa ce aka kama Najeriya. Sakatariyar CITES ta aiko da tawaga a tsakiyar 2018 ta duba yadda ake ba da takardu, sannan a taron kwamitin dindindin da aka yi a Sochi ta Rasha a watan Oktoban wannan shekara aka yanke shawarar dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya har sai ƙasar ta gabatar da binciken kimiyya mai gamsarwa. A shekarar ce kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya itacen cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa. Abin lura shi ne dakatarwar ta yi tasiri ne saboda ta ɗaure mai saye: Sin da Vietnam duk suna cikin yarjejeniyar, saboda haka kwastam ɗinsu ba su da damar karɓar kayan da aka rubuta Najeriya a kansa. Haramcin cikin gida da aka yi ta sanarwa ana janyewa bai taɓa yin irin wannan aiki ba.

Sai dai buƙatar masana'antun Sin ba ta ragu ba don an rufe ƙofa ɗaya. Masu saye sun karkata zuwa Saliyo da Mali da Gana da Gambiya, aka ci gaba da yadda aka saba. A 2020, bayan wani binciken BBC kan satar itacen Kasamans, kamfanin jiragen ruwa na CMA CGM ya daina ɗaukar katako daga Gambiya, wanda ya nuna cewa masu jigila ma suna da ta cewa idan sun ga dama. Daga ƙarshe, a taron kwamitin dindindin na Lyon a watan Maris na 2022, aka ba dukan ƙasashen da itacen ke tsirowa zaɓi: ko su kawo hujjar kimiyya da ta doka, ko su sanar da kansu cewa ba za su fitar da komai ba, ko a dakatar da su. A watan Yunin wannan shekara aka dakatar da Kamaru da Chadi da Afirka ta Tsakiya da Gambiya da Gini Bisau da Mali da Togo, aka bar takunkumin Najeriya yadda yake, sauran ƙasashe kamar Nijar da Gana da Senegal kuma suka ayyana cewa sun tsayar da fitarwa.

Akwai masu cewa da Najeriya ta bi hanyar Gabon, wadda ta hana fitar da gumagumai a 2010 ta kuma kafa yankin masana'antu na Nkok kusa da Libreville domin a tsaga a kuma fere itacen a gida, da labarin ya bambanta. Akwai gaskiya a ciki, domin Gabon ta koma cikin manyan masu fitar da sarrafaffen katako a Afirka, amma kwatancen yana da iyaka. Itacen okume na Gabon yana cikin kurmi mai faɗi da aka raba wa kamfanoni bisa tsarin sara na shekaru masu yawa, madobiya kuwa a warwatse take cikin gonaki da makiyaya da dajin al'umma, tana girma a hankali, ba ta da mai ita guda ɗaya da za a kama da laifi. Ko a Gabon ɗin ma, ɓacewar kwantena 353 na katakon kevazingo daga tashar Owendo a 2019, wadda ta ci kujerar mataimakin shugaban ƙasa da ta ministan dazuka, ta nuna cewa masana'anta ba ta hana sata idan farashin itace ya kai wani matsayi. Injin tsaga katako a Jalingo zai iya riƙe wani kaso na kuɗin a gida, amma ba tare da ƙidaya da iyaka ba, zai ƙara saurin ƙarewar itacen ne kawai.

A yankunan da aka yi saran, kuɗin ya shigo da sauri ya kuma fita da sauri. Matasa sun bar gona sun koma dako, an sayi babura, an yi aure, wasu kuma sun rasa ƙafa ko rai a ƙarƙashin gungume ko a hatsarin motocin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsu. Makiyayin da ya saba dogara da ganyen madobiya a watannin Maris da Afrilu ya tarar da kututture, dole ya ƙara matsawa da garkensa zuwa fadama da bakin gonaki, a jihohin da dama can rikicin manoma da makiyaya bai kwanta ba. Hanyoyin da motocin katako suka fasa cikin daji sun zama hanyoyin masu gawayi da mafarauta.

Masu inji ba su ajiye injinansu ba. Da madobiya mai kauri ta yi wuya kuma takardarta ta gagara, sai aka juya kan kawo, wanda kasuwar Vietnam da ta Sin ke karɓa, da kuma maɗaci, itacen da ke inuwa a bakin titunan tsofaffin garuruwan arewa. Wannan ne ya sa a babban taron CITES da aka yi a Panama a watan Nuwamban 2022 aka sanya dukan dangin kawo da na maɗaci da na madobiya da ke Afirka cikin jadawali na biyu, matakin da ya fara aiki ranar 23 ga Fabrairun 2023. An rubuta sharaɗin yadda ya haɗa gungume da yankakken katako da falle da filawud da wanda aka ƙara sarrafawa, saboda haka feƙe gefe huɗu ko tsaga gungume gida biyu ba zai fitar da kaya daga ƙarƙashin dokar ba, kuma duk kwantenar kawo ko maɗaci da za ta bar Apapa tana buƙatar irin binciken kimiyyar da rashinsa ya jawo dakatar da madobiya a 2018.